Keke da ƙwarya: darasin da na yi wa 'yan aji biyar

Iyaye mata, yaran yanzu suna ganin duniya a wayoyinmu tun kafin malami ya yi musu bayaninta. Suna kallon benaye na ruftawa a Turkiyya, suna jin manya na cewa an ɗauke wuta, amma ba mai zaunar da su ya gaya musu dalili. Yaron da bai san dalili ba, ko tsoro ya cika masa ciki, ko ya yi wasa da abin da zai halaka shi.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a yankin Ɗambatta. Na taɓa wanke ƙunar yaron da ya kama wayar lantarki bayan iskar damina ta tsinke ta. Shi ya sa da hedimastan firamaren garinmu ya ce in zo in yi wa 'yan aji biyar magana kan lafiya, na roƙe shi in fara da wuta.

Na tafi da tsohon keken Baban yara mai dinamo. Wani yaro ya juya taya, fitila ta kama, aji ya kaure da sowa. Na ce musu a cikin dinamon akwai maganaɗisu da ke juyawa kusa da naɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe, juyawar ce ke haifar da wuta. Haka ake yi a madatsar ruwan Kainji da aka kammala a 1968 a kan kogin Neja, da ta Shiroro a kan kogin Kaduna, sai dai can ruwa ne ke juya manyan injuna. Akasarin wutar Najeriya ma iskar gas ake ƙonawa don a juya su. Sola ce ta bambanta, hasken rana take mayarwa wuta kai tsaye, ita ce ke riƙe mana firjin allurar rigakafi.

Ana cikin haka wata yarinya ta ɗaga hannu. "Anti, ƙasarmu ma za ta tsage?"

Na sa aka ɗauko ƙwaryar da gyartai ya ɗinke. Na ce ɓawon duniya haka yake, manyan ɓangarori ne da suka haɗu, suna matsawa a hankali kamar tsirowar farce. Idan biyu suka cije na tsawon shekaru sannan suka kufce, ƙasa sai ta girgiza. Turkiyya da Siriya a bakin ɗinki suke, shi ya sa girgizar 6 ga Fabrairun 2023 ta ci rayuka sama da 50,000. Mu Allah ya ajiye mu nesa da ɗinkin, ko da yake an ji ɗan motsi a Kwoi cikin 2016 da Mpape ta Abuja cikin 2018. Komai da ikon Allah ne, kuma Shi ya sanya wa komai sababi.

Na ƙara musu da cewa yawanci gini ne ke danne mutane a girgizar ƙasa. A nan karkararmu, katangar ƙasa da ruwan Agusta ya jiƙa ta fi kusa da mu, don haka kada su fake a gindinta.

'Yan uwa, ba sai kin yi digiri ba. Tocila, ƙwarya da minti goma bayan Magariba sun isa. Ki kuma nanata wa yaranki cewa wayar da ta faɗo ba a taɓa ta ko da sanda, manya ake kira. Wace tambaya ce ɗanki ya taɓa yi miki da ta tsaya miki a rai?