Ka sallami yaro a zaure, kasuwa ta sani?

Ku matso, maganar nan kada ta wuce tabarmar nan. Kun san Alhajinmu mai harkar hatsi, ba sai na kama suna ba. Shekara da shekaru yaronsa ke zuwa kasuwar Badume ya ɗauki gero da masara bashi, in an sauke kaya a Dawanau Alhaji ya biya. Da suka ɓata, sai ya kira shi zaure, daga shi sai shi, ya ce kada ya sake karɓar ko tiya ɗaya da sunansa. Kasuwa na zagayowa yaro ya loda buhuna ya yi gaba. Yanzu masu kaya suna ƙofar gida, Alhaji sai rantsuwa yake bai aike shi ba.

Na ce masa, Alhaji, Allah ya huci zuciyarka, biya za ka yi. Ba ka aike shi ba, gaskiya ne, amma kai ka saba wa mutane da ganinsa a madadinka. Su ina suka san abin da aka yi a zaure?

Dokar da kotunanmu suka gada daga Ingila haka ta tafi. A 1964, a shari'ar Freeman da Lockyer, wani Kapoor ya riƙa tafiyar da kamfani kamar shi ne shugaba, alhali ba a naɗa shi ba. Daraktoci suna gani suka yi shiru. Ya ɗauki masu zanen gini aiki, kotu ta ce kamfani ya biya su. Sai dai fa alamar cewa mutum wakili ne daga wajen maigida za ta fito. Ɗan damfarar da ya zo kawai ya ce "Alhaji ne ya aiko ni" bai ɗaura wa Alhaji komai ba. Wanda kuma ya san an sallami yaron, ya ba shi kaya, shi ya jiyo.

Akwai kuma ikon da ba sai an furta ba. A fiƙihun Malikiyya, wanda ka wakilta ya sayar maka da sa yana da ikon karɓar kuɗin, ko ba ka ambata ba.

Alhaji zai iya bin yaron ya biya shi, in ya gan shi. Ku dai masu yara a kasuwa, ranar da kuka raba gari, ku sanar da sarkin kasuwa da dillalai da duk wanda ya saba ba ku bashi kafin kasuwa ta sake ci.