Ƙwannafi da Kunyar Akushi

Shekara 23 Malamin ya yi yana koyar da adabin baka a wata jami'a da ke Kano, kuma a tsawon wannan lokaci muryarsa ce jarinsa. Da ita yake kwaikwayon Gizo da Ƙoƙi, da ita yake nuna wa ɗalibai hawa da saukar karin sauti. Saboda haka hankalinsa ya tashi da muryar ta soma dushewa da safe, har wata rana ta sarƙe masa yana tsakiyar lacca, sai da wani ɗalibi ya miƙo masa ruwa. Abin da ɗaliban ba su sani ba shi ne, ya yi watanni ba ya samun barcin kirki. Da zarar dare ya raba sai wani zafi ya taso masa daga ƙahon zuci ya bi ƙirji, ruwa mai tsami ya cika masa baki, ya tashi zaune yana kakari.

Kamar yadda akasarin Hausawan yau ke yi wa duk ciwon da ya shafi ciki, shi ma ya raɗa wa nasa suna olsa. Maiɗakinsa kan jiƙa masa jar kanwa, wani lokaci kuma ya sha madara. Dukansu sukan kawo sauƙi na ɗan lokaci, domin kanwa tana kashe kaifin tsami nan take, madara kuma tana sanyaya wurin kafin ta sa tumbi ya sake zubo wani ruwan. Bai kawo a ransa ba cewa gishirin da ke cikin kanwa illa ne ga mai hawan jini irinsa.

Likitar da ta duba shi, wadda ba za ta girmi 'yarsa ta fari ba, ita ce ta mayar masa da kalmar da ya sani tun yana yaro amma ya watsar. Ta ce, "Baba, abin da kake bayyanawa ƙwannafi ne, kuma daban yake da gyambon ciki." Ta bayyana masa cewa gyambo rauni ne a bangon tumbi ko farkon hanji, wanda galibi wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori ko yawan shan wasu magungunan kashe zafin ciwo ke haddasawa. Gano wannan ƙwaya ne ya sa aka ba Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya lambar Nobel a 2005. Shi kuwa ƙwannafi matsalar ƙofa ce. A inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi akwai wani zoben tsoka da ke buɗewa loma ta wuce, sannan ya tsuke. Idan ya saki ba a kan ƙa'ida ba, ruwan tsamin da ke narkar da abinci sai ya yi sama, ya ƙona wurin da ba a halitta shi don jure tsami ba. Idan ya kai maƙogwaro cikin dare, da safe murya ce ke biyan bashin.

Ya zaci za ta karanto masa jerin abubuwan da ta haramta masa. Maimakon haka sai ta tambaye shi ƙarfe nawa yake cin abincin dare, ƙarfe nawa kuma yake kwanciya. Ya ce tuwo bayan sallar isha'i, wani lokaci a biyo shi da tsire, sannan shayi, sai gado. Ta rubuta masa omeprazole na wasu makonni, ya riƙa sha kafin karin kumallo, ta kuma umarce shi ya buɗe littafi ya rubuta abin da ya ci da lokacin da zafin ya taso. Ta gargaɗe shi cewa idan haɗiya ta soma yi masa wuya, ko ya ga jini a amai, ko bayan gida ya yi baƙi, ko ya soma rama ba dalili, ko ciwon ƙirjin ya zo da gumi yana sauka hannu, to ya garzayo asibiti, wannan ya wuce batun abinci.

Mutumin da ya saba tattara karin magana a ƙauyuka sai ga shi yana tattara bayanai a kan cikinsa. Littafin ya wanke wasu da ake zargi, ya kama wasu. Tuwo da miyar kuka ko kuɓewa ba su da laifi idan an rage yaji. Masu laifin su ne ƙosai da masa da suka sha mai, da miyar tumatir mai attaruhu, da ɗanyar albasar da ke raka tsire, da lemon kwalba, da shayi mai kauri da na'ana'a, da kuma goron da ke hana shi gyangyaɗi a wajen duba takardun jarrabawa. Maiƙo yana jinkirta fitar abinci daga tumbi, shi da na'ana'a kuma suna sassauta wancan zobe. Amma babban mai laifi a littafin shi ne lokaci: abincin da bai dame shi da rana ba, shi ne ke tashinsa idan ya ci ya kwanta.

Gyaran cikin gida bai yi wuya ba. Aka dawo da tuwo bayan magariba, domin a sami tazarar awa 3 kafin kwanciya. Aka sa bulo aka ɗaga gadon ta wajen kai kimanin santimita 15, domin tara matasai lanƙwasa ciki kawai yake yi. Da aka ce masa kwanciya a ɓarin hagu ta fi rage tasowar ruwan, sai ya riƙa farawa da dama ya yi addu'o'insa, daga baya ya juya. Ya soma tattaki da yamma, malum-malum ta daina ɓoye tumbin da ke danno abinci sama.

Wuyar tana waje. A gidan yayarsa da ke cikin birni, inda ya saba zuwa duk daren Juma'a, ba a taɓa mayar da akushinsa da saura ba. Ranar da ya yi loma uku ya tsame hannu, sai ta dube shi ta ce, "Auta, ko boko ya sa girkina ya daina yi maka daɗi?" Kunya ta sa ya mayar da hannu ya cinye, ya kuma kwana a zaune. A wannan dare ya gane cewa a wurin Bahaushe tayin abinci tambaya ce game da zumunci, ƙin ci kuma amsa ce mai nauyi. Likita na iya cewa a rage, amma ba ita za ta kalli idon Yaya ba.

Mako na gaba bai aika da uzuri ba. Ya je bayan la'asar, ya zauna a tabarmarta ya gaya mata komai, har da ranar da muryarsa ta sarƙe a gaban yara. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To me ya hana ka faɗa tun tuni?" Tun daga ranar ake ɗebe masa miya kafin a zuba attaruhu, abin da ya rage kuma a juye masa a kwano ya tafi da shi.

Da azumi ya kama, ya yi buɗa-baki da dabino da ruwa, ya jinkirta cin mai nauyi kaɗan, ya daina komawa barci da zarar ya gama sahur. Hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya kasa ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, ya sha jin sa a wajen wa'azi, amma sai yanzu ya karanta shi da ƙirjinsa.

Ƙwannafin bai rabu da shi ɗungum ba. Ranar babbar salla ya biye wa soyayyen nama, ya kuma karɓi hukuncinsa da daddare. Sai dai muryar ta dawo. A zangon karatun da ya biyo baya, da ya zo kan karin maganar da ke cewa kwaɗayi mabuɗin wahala, ya daɗe a kanta fiye da yadda ya saba, sannan ya tambayi ɗaliban ko sun san wata da Bahaushe ya yi a kan wahalar da kunya ke buɗewa.