Uba Ma Mai Reno Ne

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili cikin jaridarka mai farin jini, in yi magana da 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta da sauran masu karatu a kan wani al'amari wanda mu maza mu ke jin nauyin ambatonsa a majalisa, watau renon ƙaramin yaro a gida, da 'yan kayan wasa da a ke yi masa da hannu. Na sani waɗansu da ganin kan maganar za su ce zancen mata ne, su juya shafi. To, ina roƙonsu su yi haƙuri su karanta har ƙarshe, sa'an nan su yanke hukunci.

Ni mutumin ƙasar Kudan ne, na yi karatu a makarantar mishan, yanzu kuwa ina zaune a Ikara, ina aikin akawu wajen wani attajiri mai sayen hatsi. Aikin yana da zafi da kaka, sauran shekara kuwa yawancinsa lissafi ne wanda na ke iya yi a ɗakina da dare. Shekara biyu ke nan mai ɗakina ta sami shiga makarantar koyon aikin lafiya da ke Makarfi, tana fita da sassafe, ba ta komowa sai la'asar sakaliya. Allah ya ba mu yarinya guda, a lokacin shekararta biyu da rabi. Ba zan faɗi sunanta ba, gama 'yar fari ce. Muka zauna muka yi shawara, muka ga hanya uku ce: ko uwar ta bar karatu, ko a kai yarinya ƙauye wurin kakarta, ko kuwa ni in zauna da ita. Kakar ta tsufa, idonta ya yi rauni, karatun kuwa an daɗe ana nemansa. Saboda haka na ɗauki ta ukun, da sharaɗin ƙanwata ta riƙa zuwa tana kama mini na 'yan makonni in aikin kaka ya taso.

Ya kamata mu fahimci abin da ya kawo wannan hali, domin ba ni kaɗai ya sama ba. A gidan gandu inda aka haife mu, yaro ba ya rasa mai kallonsa. Ga kaka, ga goggo, ga matan baffanni, ga 'yar reno mai goya shi tun safe har yamma. Uba yana gona ko kasuwa, babu abin da ya ragu. Amma akawu ko malamin makaranta wanda aiki ya kai wani gari, ya kama ɗaki biyu na haya, ina kakar, ina goggon? 'Yar renon ma yanzu tana aji, can kuwa ya dace da ita. Mun fito daga babban gida, mun bar masu renon a can, amma mun taho da al'adar nan ta cewa ba ruwan namiji da yaro sai ya isa aike. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo.

Maganganun mutane kuwa na sha su. Wani abokin aikina ya tarad da ni a ƙofar gida ina ba yarinya koko, ya yi dariya ya ce, "Malam, ashe an yi maka canjin aiki ba mu ji ba?" Waɗansu suka ce na zama mijin-ta-ce. Da labari ya kai Kudan, kawuna ya aiko na je. Ya ce, "Kai, yaro, ina kunyar ɗan fari? Ubanka bai taɓa ɗaukarka a gaban mutane ba." Na durƙusa na ce, "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri. Sunanta ban kama ba, ba kuwa zan kama ba. Amma Baba bai ɗauke ni ba domin akwai hannu goma masu ɗaukata. Ita wannan, in na janye nawa, hannun wa ya rage?" Tsoho ya yi shiru, can ya ce, "To, in ka zauna da ita, kada ka zauna hannu sake. Ka tuna motar da na ke yi muku?" Ya sa aka jawo kara daga dangar gida, ya sake gwada mini yadda a ke yi.

Maganar kawu tana da tushe. Zaman reno yini ne mai tsawo, kuma a zamanin nan akwai hanya mai sauƙi ta kashe shi, watau a miƙa wa yaro wayar hannu ya yi ta kallo, babba ya huta. Na ga wannan a gidaje da yawa, har na masu ilmi. Amma a shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa jariri da ɗan shekara ɗaya kada a zaunar da su gaban waya ko talabijin ko kaɗan, yaro mai shekara biyu zuwa huɗu kuwa kada ya wuce awa ɗaya a yini, in an rage ma ya fi. Dalili kuwa a fili ya ke. Waya tana yi wa yaro magana, amma ba ta jiran amsarsa, ba ta kuwa ba hannunsa aiki.

Bari in bayyana abin da mu ke yi, ko wani zai amfana.

Na farko motar kara. Bayan an yanke dawa kara ba ya wuya a ƙasarmu. A sami busasshe mai kauri, a yanka shi gaɓa gaɓa, a feƙe ɓawon a tsattsaga shi siri siri, shi ne zai zama ƙusa. Totuwar da ke ciki tana da taushi, ita a ke yankawa a jera, a soke da ɓawon har jikin mota ya tashi. Ƙafafu kuwa a fafe su daga sakaina ko tsohon silifa, a huda tsakiya, a zura tsinke mai ƙarfi. A ƙarshe a ɗaura dogon kara na turawa. Yanka nawa ne, miƙo totuwa da riƙewa nata ne. Da ya ke ƙasar Makarfi da Kudan ƙasar rake ce, kuma tana ganin manyan motoci suna wucewa da shi, ita ma sai ta ce tata motar rake ce. Mu kan tsinto tsinkaye mu ɗaure su dami dami, ta yi lodi tana ƙirgawa. Da haka ta kai goma, ba allo ba bulala.

Na biyu yumɓu. In na je gida Kudan na kan ɗebo shi daga fadama. A kwaɓa shi da ɗan yashi ko ƙaiƙayi, a bar abin da aka gina ya bushe a inuwa, gama in rana ta buge shi tun yana ɗanye sai ya tsage. Muna gina shanu da tozo da ƙaho, da tukwane 'yan mitsi-mitsi, da rumbu. Nata san ya kan fito da ƙafa uku ko kai ya fi jiki, ni kuwa ba na gyara mata sai ta roƙa. Na lura in babba ya karɓe aikin domin ya yi kyau, yaro ya kan saki hannu ya koma ɗan kallo.

Na uku kasuwa. Gwangwanin tumatir shi ne mudu, yashi gero ne, tsakuwa wake, ganyen darbejiya kuwa kuɗi. Ita ce mai sayarwa, ni mai saye. In na taya da arha ta kan ɗaure fuska ta ce, "Albarka, Baba." In na ƙara ta ce ta sallama, in na nemi gyara ta ƙara mini tsakuwa biyu. Ni da na ke cin abinci da lissafi na san wannan shi ne tushen aikina duka: awo, da ƙirga, da ragi, da ƙari.

Akwai kuma 'yar tsana ta totuwar masara, gemun masara ya zama gashinta, ƙyallen da tela ya zubar ya zama zane, ta goya ta tana lallashi. Launi ma ba mu saye. Gawayi ya ba mu baƙi, farar ƙasa fari, ruwan zoborodo ja. Ƙaro ko ɗan koko mai kauri shi ne abin liƙi. Duk abin da na lissafa babu wanda na kashe wa ko naira ɗaya.

Wani zai ce, ai a kasuwar Makarfi ko ta Ikara akwai motar roba mai kyau, me ya sa wahala? Ban hana kowa saye ba. Amma motar roba ta zo a gama, aikin yaro kawai ya tura, in ta karye sai kuka da juji. Motar kara kuwa a gabanta aka haife ta, ta ga yadda ƙafa ta shiga, in ta karye ta kan ɗauko ta ce, "Baba, mu gyara." Yaron da ya saba tun yana ƙarami cewa abin da ya lalace ana gyara shi, ya sami wani abu da ba a sayarwa a kanti. Bayan wannan, cikin awa guda ta aikin nan mu kan yi magana fiye da ta sauran yini. Tsawo da gajarta, nauyi da sauƙi, ɗanye da busasshe, duk a bakin kara da yumɓu ta koye su.

Kada a ce son 'yata ne ya rufe mini ido, ga shaida daga nesa. A Kingston, babban birnin tsibirin Jamaika, cikin 1986 da 1987, likitoci suka ɗauki yara 129 'yan wata tara zuwa shekara biyu, waɗanda rashin abinci mai kyau ya tsumburar da su, suka kasa su kashi kashi. Waɗansu aka riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana gwada wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasa na gida waɗanda aka yi da hannu. Bayan shekara ashirin aka bi sawunsu, aka tarar abin da su ke samu a wajen aiki ya fi na waɗanda ba a yi wa haka ba da kashi 25 cikin ɗari. An buga wannan sakamako a 2014. Can uwaye aka koya wa, amma yumɓu bai san hannun mace da na namiji ba.

Sai dai akwai kashedi. Wuƙa da reza da almakashi su tsaya a hannun babba, in an gama a rataye su sama. Ɓawon kara yana da kaifi kamar aska, kada a ba ƙaramin yaro shi. Bakin gwangwani a daddake shi da dutse har ya kwanta. Yaron da bai kai shekara uku ba kome baki ya ke kaiwa, saboda haka marfin kwalba da ƙananan tsakuwa da wake ba nasa ba ne, suna shaƙe yaro. Abin da ya fi duka, mu da ke ƙasar noman tumatir da barkono da masara, gorar maganin feshi tana yashe ko'ina a bakin gona. Kada a kuskura a mai da ita abin wasa ko an wanke ta sau goma. Tsohon batir ma haka. In an gama aiki a wanke hannu da sabulu kafin abinci.

Hukuma ma ta fara gane muhimmancin al'amarin. A 2019 gwamnatin Jihar Kaduna ta ba ma'aikatanta mata hutun haihuwa na wata shida. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta yarda a ba ma'aikatanta maza kwana 14 na aiki in an yi musu haihuwa. A watan Disamba na shekarar 2021 kuma Jihar Kaduna ta mai da ranakun zuwa ofis huɗu a mako, cikin dalilan da ta bayar har da samun lokacin iyali. Ina tambayar 'yan'uwana waɗanda suka sami wannan rana, nawa daga cikinta ya shiga cikin gida, nawa ya ƙare a gindin bishiya wajen hira? Doka tana iya ba mutum lokaci, amma ba ta iya zaunar da shi a kan tabarma kusa da ɗansa.

Ban ce kowane namiji ya bar aikinsa ya zauna gida ba. Halina ne ya ba ni dama, na wani ba zai ba shi ba. Ban kuwa ce reno hutu ne ba. Yanzu na san nauyin abin da iyayenmu mata su ke ɗauka ba albashi ba godiya: wanki, da ba da abinci, da rarrashi, da zazzaɓin tsakar dare, sa'an nan littafin lissafi yana jirana bayan kowa ya yi barci. Abin da na ke roƙo kaɗan ne. Uba ya ware ko da rabin awa a yini, ya ajiye waya, ya zauna ƙasa ya yi wani abu da hannu tare da ɗansa. Malaman ƙananan azuzuwa su sa yara su kawo kara da yumɓu, kada su jira sai an aiko da kayan wasa daga birni. Malamai masu faɗa a ji su taimaka a daina yi wa mai renon ɗansa ba'a. Wanda kuma ya mance yadda a ke yin motar kara, ya je ƙauye ya tambayi tsofaffi tun suna da rai, gama da tsohuwar zuma a ke magani.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Mu kan kawo wannan karin magana in za mu tsawata wa yaro, amma mai tanƙwara icce tilas ya matso kusa da shi ya sa hannu. Ina so in ji ra'ayin masu karatu, musamman iyaye maza na Ikara da Makarfi da Kudan, da irin kayan wasan da a ke yi a garuruwansu.

Iyakar maganata ke nan. Allah ya raya mana zuriya, ya ƙara wa Edita lafiya. Wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Ikara.