Ni Na Miƙa Mata Wayar

'Yan'uwana mata, wannan labari nawa ne, kuma har yau in na tuna shi sai jikina ya yi sanyi.

A ƙarshen watan Maris na 2020 gwamnatin Kaduna ta sa dokar kulle saboda korona. Mu a Samaru muke zaune. Makarantu a rufe, kasuwa a rufe, ko dandali ba mai fita. Autarmu lokacin shekararta bakwai, ga ƙiriniya kamar me. Da ta dame ni sai in miƙa mata wayata in ce, "Ungo, je ki ɗaka ki ba ni lafiya." Haka za ta wuni a ƙuryar ɗaki, waya dab da hancinta. Ni kuwa ina murna na samu sauƙi.

Da aka koma makaranta sai rubutunta ya lalace. Kullum littafinta rabi babu komai. Na zage ta, na ce wasa ya yi mata yawa. Ta yi ta kuka tana cewa, "Yaya, wallahi allon ne ba na gani." Ban yarda ba.

Sai ranar da muka je kasuwar Sabon Gari. Ga Gwaggo can tsallaken titi tana ɗago mana hannu, Auta ta ƙanƙance ido ta ce, "Yaya, wace ce waccan?" Gwaggon da ta goye ta! Nan take gabana ya faɗi.

A asibitin Shika likita ya gwada ta, ya ce tana ganin kusa, nesa ce ta gagare ta. Ya ce idon yaro girma yake yi, in ya rasa hasken rana ya kuma daɗe yana kallon abu kusa, ƙwayar kan yi tsawo fiye da kima, kuma in ta yi tsawon ba ta komawa. Akwai gado a ciki, amma zaman ɗaka na ƙara shi. Ashe ba mu kaɗai ba ne: a wani binciken da aka yi a ƙasar Sin, aka wallafa a 2021, 'yan shekara shida masu wannan matsala sun tashi daga kusan 6 cikin 100 zuwa sama da 21 bayan kulle.

Ranar da ta sa tabarau ta tsaya a ƙofar gida ta ce, "Yaya, ashe ana ganin ganyen darbejiya ɗaiɗai?" Na shige ɗaki na yi kuka.

Don Allah 'yar'uwa, ki bar ƙannenki su yi wasa a tsakar gida, ko awa biyu ne a rana. In yaro ya ce ba ya ganin allo, kar ki yi saurin kai masa hannu, a kai shi a duba. Da-na-sani ƙeya ce. Allah Ya kare mana idanunmu, amin.