Wuƙa da Yatsun 'Ya'yanmu

Mu da muke koyarwa a makarantun ekklesiya mun san lokatan da yara sukan zo aji da tsumma ɗaure a yatsa: bayan Kirsimeti, bayan bikin aure, da kuma lokacin kaka sa'anda ake yanka kuɓewa domin shanya. Idan muka tambaya, amsar ɗaya ce: "Malam, wuƙa ce." Yarinyar da ta yanke a babban yatsa takan yi mako guda ba ta iya riƙe fensir da kyau, wata kuwa yatsan ba ya sāke lanƙwasuwa har abada.

Abin da ke damunmu shi ne, yaro yakan yi watanni muna koya masa riƙon fensir, amma wuƙa sai a miƙa masa kawai a ce, "Je ka yanka albasa." Ashe wadda take iya zub da jini ba ita ta fi bukatar koyarwa ba?

Mu dubi yadda Allah ya gina hannu. Kowane yatsa yana da ƙasusuwa 3, babban yatsa kuwa 2. Naman da ke lanƙwasa yatsu da ƙarfi yana can a damtsen hannu, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Jijiyoyi ne kamar igiya suke sauka daga can su ja yatsun, suna kuwa kusa da fata ƙwarai. Saboda haka yanka ƙarami a ido yana iya tsinke igiyar nan.

A gidajenmu an saba riƙe kuɓewa ko alayyafo a hannu, ana jawo wuƙa zuwa wajen babban yatsa. Iyayenmu mata sun gwanance da wannan bayan shekaru masu yawa, amma yarinya 'yar shekara 9 ba ta da wannan gwaninta. A samo mata ɗan katako mai faɗi, a shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashinsa domin kada ya zame. Albasa ko dankali a fara raba shi biyu, a kifa gefen da aka yanka, gama abin da ke mirginawa shi ke jawo wuƙa kan yatsa. Hannun da ke riƙe abin a tanƙwara yatsunsa ciki kamar ƙafar kyanwa, babban yatsa yana ɓoye a bayansu, bakin wuƙa kuma yana sauka kan katako.

Waɗansu suna ba yara dakusasshiyar wuƙa, suna tsammani ta fi sauƙin haɗari. Ba haka ba ne. Wuƙar da ba ta da kaifi sai an danna ta da ƙarfi, ta zame daga bawon albasa ta faɗa kan hannu da dukan ƙarfin nan. Wanda ya buɗe Littafin Mai-Wa'azi sura 10 aya 10 zai ga an daɗe da sanin wahalar ƙarfe marar kaifi. Maigida, wasa wuƙar gidanka a dutse aiki ne na minti kaɗan, ka ɗauke wa uwargida shi.

Abin gogar kuɓewa da mayankin kabeji mai reza a tsakiya su ma suna cin yatsa, yawanci a ƙarshen aiki, sa'anda abin ya ƙanƙance ana so a ƙarasa shi. Idan mayankin ya zo da mariƙi, a yi aiki da shi. In babu, a bar ɗan guntun da ya rage a jefa shi cikin miya. Kada a nutsa wuƙa cikin ruwan wanke-wanke mai kumfa inda ba a ganinta. Idan ta suɓuce, a janye ƙafa a bar ta ta faɗi. A gidan biki, inda mata suke aiki da dare cikin hira da gaggawa, a kawo fitila kusa da masu yanka.

In har an yanke, a danna wurin da tsumma mai tsabta minti 10 ba ɗagawa, a ɗaga hannun sama da ƙirji. Jini ya tsaya, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe. Kada a sa toka, ko ƙasa, ko kananzir. Ƙwayoyin ciwon tetanus, wanda ke sanƙarar da jiki ya kulle haƙora, suna zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi. Allurar rigakafinsa akan sabunta ta bayan shekara 10, don haka a gaya wa malamin asibiti lokacin da aka yi ta ƙarshe. Idan jini ya ƙi tsayawa, ko bakin ciwon ya wage, ko yatsan ya mutu ba a jin taɓawa, ko ya kāsa lanƙwasuwa, a tafi asibiti a ranar, kada a kwana.

Muna roƙon Zumuntar Mata ta keɓe taro guda domin wannan, kowace uwa ta zo da 'yarta da ɗanta, da wuƙa da katako. Hannuwan nan amana ce a wurinmu. Ubangiji ya ba mu haƙurin koyarwa.