Minti 22 a Gonar Gettysburg

Makon jiya da aka yi ta kai ruwa rana kan ƙa'idojin yaƙi na yi shiru ina karantawa, har Admin ya biyo ni ta bayan fage ya ce tunda na taɓa taka ɗaya daga cikin filayen da ake magana a kai, rubutun wannan mako nawa ne. To ni ba soja ba ne, ban taɓa riƙe bindiga ba. Aikina safiyo: awon ƙasa, yanka fulotai, fitar da hanya. Tudu da kwari na sani, kuma a kansu zan yi magana.

Ga wanda muhawarar ta wuce shi, sojan Amurka na da ƙa'idoji 9 da suka fara jerawa a rubuce a 1921, aka yi ta yi musu kwaskwarima har suka zauna a siffar da aka fi sani a 1949. Ka san manufarka. Ka zama kai ne mai kai hari. Ka tara ƙarfinka inda za a yi ta ta ƙare, ka tsuke hannu a sauran wurare. Ka iya juya runduna, umarni ya fito daga baki ɗaya, ka tsare kanka, ka shammaci abokin gaba, kuma kada ka cukurkuɗa shiri. Ba mai musun ko ɗaya. Sai dai manyan janarorin da suka gwabza a yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, akasarinsu makaranta ɗaya suka yi, wato West Point, inda tun lokacin ake koyar da tushen waɗannan ƙa'idoji daga yaƙe-yaƙen Napoleon. Allo ɗaya suka wanke. Idan ɗaya ya ci ɗaya ya faɗi, sai a nemi dalili a wani wurin ban da allon.

Shekarun baya wurin aikinmu ya tura ni kwas kusa da Washington. Wata Asabar na bi motar wasu abokan karatu zuwa Gettysburg da ke jihar Pennsylvania, tafiyar kamar awa biyu. Na je da ra'ayina a aljihu: na karanta cewa Janar Robert Lee, jagoran rundunar Kudu, ya tura mutum kimanin 12,500 su ratsa buɗaɗɗen fili da rana tsaka su hau tudun da igwa ke jiransu, sai na yanke cewa girman kai ne ko kuwa tsufa. Kuma kada wani ya ɗauka ina jin tausayin manufarsa. Kudu don ci gaba da bautar da baƙar fata ta yi yaƙin, faɗuwarta alheri ce. Abin da ya dame ni shi ne yadda injiniya kamarsa ya kasa karanta ƙasa.

Gettysburg a 1863 ƙaramin gari ne mai mutum kamar 2,400, amma hanyoyi kusan 10 ne suka haɗu a cikinsa, shi ya sa runduna biyu da ke laluben juna suka yi kiciɓis a nan. Ranar 30 ga Yuni wani kwamandan sojan dokin Arewa, John Buford, ya iso ya duba gari. Bai da mutanen da za su tare Lee. Abin da ya yi washegari shi ne ya sauke mutanensa daga dawaki ya jera su a kan tuddan yamma da gari, suka yi ta ɓata wa 'yan Kudu lokaci har dakarun ƙasa suka ƙaraso. A ranar an ci Arewa, an kore su ta tsakiyar gari. Amma da suka ja da baya, kan tudun maƙabarta da ke kudu da garin suka faɗa, kuma daga nan layinsu ya miƙe ya lanƙwashe kamar ƙugiyar kamun kifi. Duk wanda ke cikin ƙugiya, daga wannan baki zuwa wancan ɗan taku ne. Lee da ke zagaye ta waje, da mutanen da ba su kai na Arewa yawa ba, sai da ya shimfiɗa layin da ya fi nasu tsawo nesa ba kusa ba.

Rana ta biyu ce ta fi burge ni a matsayina na mai safiyo, don mutum biyu a runduna ɗaya suka kalli tudu, ɗaya ya kusa kashe su, ɗaya ya cece su.

Na farko Janar Daniel Sickles, ɗan siyasa ne da aka ba runduna. An ajiye shi a wani sashe na layin inda ƙasa ta ɗan kwanta. Ya hango wani lambu a gabansa da ya fi wurinsa tudu, kuma wata biyu kacal kafin nan, a Chancellorsville, an sa shi ya bar wani tudu, 'yan Kudu suka hau da igwa suka yi wa mutanensa ruwan wuta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba tare da izinin shugabansa Janar Meade ba, ya kwashi mutum kusan 10,000 ya matsa gaba kamar kilomita guda. Tudun ya samu, amma layinsa ya yi tsini, ana iya dukansa ta fuska biyu, kuma ya bar giɓi a bayansa. Kafin faɗuwar rana an ragargaza rundunarsa, shi kansa ya rasa ƙafa.

Na biyu Gouverneur Warren, babban injiniyan rundunar, kuma abokin sana'ata ne, don kafin yaƙi zanen taswirar yammacin Amurka yake yi. Meade ya aike shi ya duba ƙarshen layi ta hagu. Ya hau wani ɗan dutse da suke kira Little Round Top, ya tarar ba kowa sai masu ba da sigina da tuta, ga kuma 'yan Kudu suna shirin zagayowa. Ya aika a kawo ɗauki cikin gaggawa, birget ɗin Kanar Strong Vincent ta hau dutsen mintoci kaɗan kafin 'yan Kudu su iso. A can ƙarshen jerin ne wani malamin jami'a, Joshua Chamberlain, da mutanensa 'yan jihar Maine da ba su kai 400 ba suka tare hari bayan hari, da harsashi ya kusa ƙarewa suka sa banati suka gangaro da gudu. Yau akwai mutum-mutumin Warren a kan wani falalen dutse, riƙe da tabaron hangen nesa. Na tsaya gefensa na duba arewa, sai ga kusan dukan layin rundunarsa a shimfiɗe kamar a faifai. Ba sai an yi maka bayani ba.

Kafin in kai ku rana ta uku, bari in koma baya wata bakwai. Ranar 13 ga Disamba 1862 a Fredericksburg da ke Virginia, 'yan Kudu ne a kan tudu, a bayan wata katangar dutse da ke gefen hanyar da ta nutse ƙasa. Janar Burnside na Arewa ya yi ta turo birget bayan birget su tsallake wata magudanar ruwa ta kan 'yan ƙananan gadoji su ratsa fili. Ko mutum ɗaya bai taɓa katangar ba. Arewa ta yi asarar sama da 12,000 a yaƙin, Kudu ba ta kai rabin haka ba. Wanda ke riƙe da wannan tudu shi ne Janar James Longstreet. Shi ɗin dai Lee ya ba umarnin ya jagoranci harin 3 ga Yuli a Gettysburg. Ya faɗa wa Lee ƙarara cewa ba zai yiwu ba, ya ba da shawarar a zagaya a nemi wurin da Arewa ce za ta zo ta same su. Lee ya ƙi.

In ka auna shirin Lee da ƙa'idojin nan 9, ba ka samun aibu da sauƙi. Ya daki dama, ya daki hagu, to lallai Meade ya rage mutane a tsakiya. Sai a tara ƙarfi wuri guda, a fara da igwa kusan 150, sannan a soka. Ga manufa, ga hari, ga sauƙin shiri.

Na fara tafiyata daga gindin mutum-mutumin Lee, inda suka fito daga cikin itatuwa. Gaskiya daga nan abin bai da ban tsoro. Tudun da ake ta zuzutawa bai fi ƙafa 40 ba, gangara ce mai laushi irin ta gonar gero. A nan na fara sassauta hukuncina. Na danna agogo na kama hanya. Bayan 'yan mintoci ƙasa ta ɗan nutse, sai katangar da nake nufa ta ɓace mini gaba ɗaya. Na ci gaba, ƙasa ta ɗago, sai ga ni tsirara a fili, dutsen Warren yana kallon haƙarƙarina ta dama. Ta wannan gefen akwai wurin da Arewa ta jera igwa a bayan wani ɗan doron ƙasa, wanda daga inda Lee ya tsaya ba a ganinsu, don haka luguden wajen awa biyu da aka yi bai taɓa su ba. Yawancin harsasan ma wuce kan layin suka yi saboda hayaƙi ya rufe wa masu harbi ido. Daga nan sai hanyar Emmitsburg, da shingen katako mai kaiwa ƙirji a gefenta. Dole ka tsaya ka hau, kana cikin zangon bindigar hannu. Mutane da yawa a cikin hanyar nan suka kwanta ba su sake tashi ba.

Minti 22 na yi kafin in taɓa katangar, ba kaya a bayana, ba mai harbina. Katangar da ƙyar ta wuce gwiwata. Na tsallaka na juyo, sai na ga kusan duk inda na biyo. Ɗari biyu ko uku ne suka tsallake ta ranar tare da Janar Armistead, wanda aka harbe a nan. Fiye da rabin waɗanda suka fito ba su koma lafiya ba, 'yan Arewa kuwa suna ta ihun sunan Fredericksburg.

Kada a ce darasin shi ne mai tudu ya ci. A watan Nuwamba na shekarar, a Missionary Ridge da ke Tennessee, 'yan Kudu na kan tsauni mai tsawon ɗaruruwan ƙafa, amma sun haƙa ramukansu a ƙololuwa maimakon ɗan ƙasa kaɗan inda ake ganin gangara, igwa ta kasa sunkuyawa, 'yan Arewa suka hau suka kore su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Lee da karanta ƙasa ya yi suna. A yaƙin Meziko a 1847 shi ne injiniyan da ke ratsa duwatsu da dare yana nemo wa runduna hanya. A Gettysburg yana da shekara 56, sojan dokinsa da ke zama idonsa sun yi nisan kiwo ba su dawo ba sai rana ta biyu, ya dogara da rahoton wani kyaftin da ya ce ba kowa a wajen duwatsun nan. Ranar harin ya hau doki ya duba fili, amma daga gefensa kaɗai. Bayan an dawo da ragowar mutanensa ya ce laifinsa ne, a watan Agusta ya nemi ajiye aiki aka ƙi karɓa.

Ina zaune a kan katangar nan abin da na daɗe ina dannewa ya taso. Shekara biyu kafin tafiyar an ba ni aikin yanka fulotai a bayan gari. Bazara ce, ga azumi, sai na tura yarona da na'ura ni kuma na zauna ofis da hoton tauraron ɗan Adam da wata tsohuwar taswira wadda tsakanin layin tudu da layin tudu ƙafa 50 ne. A irin wannan takarda, tudun da ya ci mutanen Lee ma zai iya ɓacewa, balle kwarin da bai kai tsawon mutum ba. Yaron ya dawo ya ce, "Oga, wani dattijo mai gona a wurin ya ce in damina ta yi nauyi ta tsakiyar nan ruwa ke bi." Na ce masa taswira ba ta nuna ba, kuma masu gona kullum da abin da za su ce don kada a yanka. Ya sake maimaitawa. Na ce ya je ya kafa duwatsu. Na sa hannu.

Damina ta biyu, cikin Agusta, ruwa ya zo da dare ya bi ta inda dattijon ya faɗa. Gida bakwai ya taɓa. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma akwai wani malamin firamare da ya zuba kuɗin sallamarsa kaf a ginin, ɗakuna biyu suka zauna. Da aka zo bincike aka ce ambaliya ce daga Allah, ni ma na gyaɗa kai.

Daga kan katangar na kira yaron, wanda yanzu yake da nasa ofishin. Na ce masa ya yi gaskiya a ranar nan, ya yafe ni. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Haba Oga, ai ya wuce." Da na dawo gida na je na sami malamin na faɗa masa sa hannuna ne a takardar, kuma an gargaɗe ni. Ya daɗe yana kallona, ya ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Na kawo abin da zan iya, muka ɗaga masa fandisho muka haƙa lambatu ta bayan gida. A wurin dai ya sake gini, don ba shi da kuɗin wani fulotin. Yanzu haka muna cikin Yuli, kuma lambatun bai taɓa gamuwa da ruwa irin na wancan dare ba tukuna.