Inda Rafi Ke Faɗawa Cikin Dutse

A arewacin Ingila, cikin lardin Yokshiya, akwai duwatsu uku kusa da juna: Pen-y-ghent da Whernside da Ingleborough. Masu gaggawa kan gama hawansu cikin awa 12. Mu kuwa, ɗalibai huɗu daga birnin Lidis, kwana uku muka yi, ɗauke da tanti da guzuri.

Babbansu, wato Whernside, ƙafa 2,415 ne kacal. Garin Jos ma ya fi shi tudu. Amma kada mai karatu ya raina su. Hazo ya rufe mu a bisa Ingleborough, har ba ma ganin juna. Dole muka bi kamfas sannu-sannu, domin gangaren cike yake da ramuka, wanda ya zame ciki kuwa sai wata rahamar Allah.

Ruwan sama ne ya haƙa ramukan, gama dutsen na farar ƙasa ne, ruwa na cinsa a hankali. Mafi shahara shi ne Gaping Gill, inda rafi guda ke faɗawa zurfin ƙafa 322. Wani Bafaranshe, Martel, shi ya fara kaiwa gindinsa a 1895, da tsani na igiya. Mu dai bisa kujera inji ya saukar da mu ɗaya-ɗaya, abin da akan shirya a watan Mayu da Agusta kaɗai. Kogon ƙasan zai haɗiye babbar majami'a. Ga sanyi, ga rurin ruwa, magana sai da ihu.

Ruwan nan kan sake ɓullowa kusa da ƙauyen Clapham. Sai a 1983 masu nutso suka iya ratsawa tsakanin kogunan biyu.